Osi Umenyiora: ɗan Najeriyar da sana'arsa ita ce kayar da mutum



A gidajen kallo na Mubi, in aka ce ƙwallo kowa ya san ta Ingila da Sifaniya ake nufi. Sai dai kwanan nan samarinmu sun fara turo mana bidiyon wani wasa daban, inda ƙarti sanye da hular kwano suke gwabza ƙirji da juna, suna tambaya wai da gaske ne ana ɗibar 'yan Najeriya a kai su Amurka saboda shi. Da gaske ne. Mutumin da ya fi kowa hannu a wannan ɗiba shi ne Osi Umenyiora, wanda shi kansa ya yi shekara goma sha biyu yana cin abinci da wasan. Kafin wani ya fara lissafin dala a zuci, gara mu san hanyar da shi ya bi.

Sai mun ɗan fayyace wasan tukuna, don ba irin namu ba ne. Kowane ɓangare mutum 11 ne, kuma galibi da hannu ake riƙe ƙwallon. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Jagoransu shi ne mai jifa, wanda ke karɓar ƙwallo ya ja baya ya cilla wa abokinsa. A gabansa akwai ƙarti biyar da ke yi masa katanga, kowannensu yakan kai kilo 140. Masu tsaro kuma suna jera mutum uku ko huɗu a sahun gaba, fuska da fuska da waɗannan ƙartin. Aikinsu su fasa katangar su kayar da mai jifa kafin ƙwallo ta bar hannunsa, abin da ba ya wuce daƙiƙa uku. A gefen wannan sahu Osi yake tsayawa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa bayan girbi ba zai ga baƙon abu ba: sunkuyawa ce, da saurin kai hannu, da sanin inda nauyin abokin karawa ya karkata.

An haife shi a Landan ranar 16 ga Nuwamba 1981. Iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne daga jihar Anambara. Yana ɗan shekara bakwai aka dawo da shi Najeriya, yana da 14 aka tura shi garin Auburn a jihar Alabama ta Amurka don karatu. A makarantar sakandaren garin ya fara taɓa wannan ƙwallo, alhali tsaransa Amurkawa tun suna firamare suke bugawa. Manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba, sai ya tafi Troy State, wata jami'a da ba a lissafa ta cikin gaggan wasan a lokacin. Abin mamaki, abokinsa tun sakandare, DeMarcus Ware, shi ma Troy ya je, shi ma ya zama gwarzo daga baya. Masu farautar 'yan wasa sun yi barci a kan mutum biyu a gari ɗaya.

A 2003 ko gayyatarsa ba a yi ba zuwa babban gwajin da hukumar NFL ke yi wa matasa kafin zaɓe. Duk da haka ƙungiyar New York Giants ta ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne na 56. A can ya tarar da Michael Strahan, tsohon hannu a wannan sahu, suka riƙa tsayawa ɗaya a dama ɗaya a hagu. A 2005 aka ƙirga masa kayarwa 14 da rabi. Rabin nan ba kuskure ba ne, in mutum biyu suka haɗu suka kayar da mai jifa, raba ladan ake yi.

Daren da har yau ake tuna shi da shi kuwa shi ne 30 ga Satumba 2007, a karawa da Philadelphia Eagles. Sau shida ya kayar da mai jifarsu, Donovan McNabb, a wasa ɗaya. Ɗan wasan da ya yi goma a shekara guda ma ana yi masa kallon gwani. Saura ɗaya ya kamo tarihin Derrick Thomas, wanda ya yi bakwai a 1990. Ƙaton da ya saba tsare wannan gefen bai buga ba a ranar, aka sa wani matashi mai suna Winston Justice, Osi kuwa ya gano lagonsa tun da wuri ya yi ta bi ta wurin har aka tashi. Ƙarfin Osi bai kai na mutanen da yake karawa da su ba, yawancinsu sun fi shi nauyi da kilo ashirin ko fiye. Makaminsa shi ne tashin farko: kafin ƙato ya gama miƙewa ya riga ya zagaye kafaɗarsa. Kuma ba jikin mai jifa kaɗai yake nema ba, hannun da ke riƙe da ƙwallo yake sara. A 2010 sau 10 ya sa ƙwallo ta suɓuce daga hannun abokan hamayya.

Kakar 2007 ta ƙare da wasan ƙarshe na Super Bowl ranar 3 ga Fabrairu 2008 a Arizona. New England Patriots sun zo da nasara 18 a jere, ba wanda ya doke su, sun kuma tara maki 589 a kakar, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. Kusan kowa ya gama ba su kofi. Sai sahun gaban Giants, su Strahan da Justin Tuck da Osi, suka hana Tom Brady sakat, aka kayar da shi sau biyar, Giants ta ci 17 da 14. Masu bidiyo sun fi son nuna ƙwallon da wani ya cafke da hularsa dab da tashi, amma a ganinmu mutanen sahun gaba ne suka ci wannan wasa.

Ga kuma ɓangaren da bidiyon samarinmu ba ya nunawa. Wata shida bayan kofin, a Agustan 2008, a wasan share fage da New York Jets wanda ko maki ba a ƙirgawa, guringuntsin gwiwarsa ya yage. Aka yi masa tiyata, shekarar duka ta wuce shi yana zaune. Da ya dawo a 2009 har benci aka ajiye shi a wasu wasannin. A 2011 ya yi doguwar taƙaddama da shugabannin ƙungiyar kan albashi, aka sake yi masa aiki a gwiwa, wasa tara kacal ya buga a kakar. Amma a taran nan ya yi kayarwa tara, kuma ranar 5 ga Fabrairu 2012 suka sake doke Patriots ɗin 21 da 17. Ya koma Atlanta Falcons na shekara biyu, ya yi ritaya a 2015 da jimillar kayarwa 85, yana ɗan shekara 33. A shekarun da mai sana'a a kasuwar shanu ta Mubi yake fara zama uban gida, shi har ya gama tasa sana'ar.

Bayan ritaya ya koma Landan yana sharhin wasan a talabijin na BBC. Daga nan ya juyo gida da wani shiri mai suna The Uprise, na neman matasan da Allah ya ba jiki amma ba su taɓa ganin wannan ƙwallo ba, wato irinsa lokacin da ya sauka Alabama. A 2022 Giants ta ɗauki Roy Mbaeteka, ɗaya daga cikin yaran shirin, wanda bai taɓa buga wasan a makaranta ba. A watan Yunin shekarar NFL ta yi sansaninta na farko a Afirka a birnin Akra na Gana, ta yi a Nairobi a 2023, ta zo Legas a 2024.

Ƙofar a buɗe take, amma ƙarama ce ƙwarai. 'Yan ƙalilan ake zaɓa a shekara, kuma yawancin waɗanda suka isa Amurka a rukunin 'yan atisaye suke zama, ba a fili ba. Awo ne zalla: tsayi, nauyi, tsawon hannu, gudun yadi 40 da agogo. Saboda haka duk wanda ya zo wa ɗanku da maganar a biya kuɗi zai kai shi NFL, ku tambaye shi ranar gwaji da wurin gwaji, ku kuma duba shafin hukumar da kanku.

Abin da ke ɗan sosa mana rai shi ne sunayen da muke ji daga shirin galibi na kudu ne, da yawansu kuma daga ƙwallon kwando suka fito, domin a can ne ake auna yara ana rubuta sunayensu. Mu a nan muna da 'yan kokawa da 'yan dambe, muna da samarin da ke lodin buhuna da shanu a kan tirela tun asuba, muna da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da na jami'ar jiha duk a Mubi. Nawa ne cikinsu aka taɓa ɗora wa sikeli ko aka riƙe wa agogo? Kuɗin mota daga nan zuwa Legas kaɗai ya isa ya tsayar da yaro.

Cikin waɗanda suka samu zuwa akwai CJ Okoye, wanda shi ma a sahun gaban masu tsaro aka sa shi. A Agustan 2023 ya saka rigar Los Angeles Chargers a wasan share fage da Rams. Wannan ne wasan ƙwallon Amurka na farko da ya taɓa bugawa a rayuwarsa, kuma kafin a tashi ya kayar da mai jifa. Abokan wasansa suka rufe shi da murna, bayan an koma ɗaki kocin ya miƙa masa ƙwallon wasan ya ce ya tafi da ita.