Im Yunjidang: Matar Da Ta Kama Malaman Koriya Da Maganar Bakinsu

Na daɗe ina ɗauka cewa maganar daidaiton mace da namiji baƙuwa ce a Koriya, wato jiragen Turawa ne suka sauke ta. Tarihin Im Yunjidang ne ya raba ni da wannan zato.

An haife ta a 1721, zamanin daular Joson, wadda aka kafa a 1392 ta kuma gina mulkinta a kan koyarwar Konfushiyas. Dokar ƙasar ba ta yi wa mata da sauƙi ba. Mace ba ta zama jarrabawar shiga aikin gwamnati. Tun 1477 kuma aka yi doka cewa idan mijin mace ya mutu ta sake aure, 'ya'yanta maza ba za su zauna wannan jarrabawa ba. Ka ga an ɗaure uwa da igiyar makomar ɗanta. Wace uwa ce za ta tsinka?

Yunjidang ta tashi marainiya. Yayanta Im Seong-ju, wanda ya zama babban malami, shi ya lura da kaifin basirarta ya koya mata manyan littattafan da maza ke karantawa. An aurar da ita a garin Wonju, mijin ya rasu bayan shekara takwas, ba ta kai talatin ba. Abin da ta haifa bai rayu ba. Ta ci gaba da zama a gidan surukai, da rana hidimar gida, da dare karatu da rubutu.

Hujjarta gajeriya ce. Malaman zamaninta sun yarda cewa kowane ɗan Adam yana zuwa duniya da asalin hali na gari, kuma duk wanda ya dage da tarbiyyar kansa zai iya kai wa matsayin kamilin mutum. Ita kuwa sai ta kama su da maganar bakinsu. In dai asalin halin ɗaya ne, to bai bambanta tsakanin namiji da mace ba, ko da ayyukansu sun bambanta. Ashe mace ma tana iya zama kamila. Malami ba zai musa wannan ba sai ya rushe ginin da shi kansa yake tsaye a kai.

Ta rasu a 1793. Bayan shekara uku, a 1796, ƙaninta da ƙanin mijinta suka buga rubuce-rubucenta. Maganar ba ta mutu ba. Gang Jeongildang, wadda aka haifa a 1772, ta riƙe gidanta da ɗinki cikin talauci, ta binne 'ya'ya tara tun suna jarirai, amma ta ɗauki Yunjidang abin koyi, har tana yi wa mijinta nasiha a rubuce kan karatu da ɗabi'a. Shi ne ya buga ayyukanta bayan rasuwarta a 1832.

Dole in faɗi abin da ke damuna. Yunjidang ba ta nemi a bar mata su zauna jarrabawa ba, ba ta ƙalubalanci zaman takaba na har abada ba, ita kanta a cikinsa ta ƙare rayuwa. Dokar kuma ba ta motsa ba. Tsarin hoju, wanda ya sa namiji ne shugaban iyali a rajistar hukuma, sai a 2005 kotun tsarin mulkin Koriya ta Kudu ta ce ya saɓa wa kundin, aka daina aiki da shi a 2008. An kai nan ne da gwagwarmayar mata irin su Lee Tai-young, lauya mace ta farko a ƙasar, wadda ta buɗe cibiyar ba mata shawarar shari'a a 1956.

Duk da haka ba na raina abin da ta yi. Kafin a yi gardama kan haƙƙin mace, sai an yarda cewa ita cikakken mutum ce mai ɗaukar nauyin halinta da kanta. Wannan ne ta tabbatar, da littattafan mutanenta, a cikin harshen malamansu. Saboda haka yau duk wanda ya ce wa 'yar Koriya wannan tunani na baƙi ne, tana da littafin da aka buga a 1796 da za ta ajiye masa a gaba.