Tsohon gidan tubali na Birjiniya

A ƙasar Amurka, cikin jihar Birjiniya, akwai wani gida a ƙauye wanda ya haura shekara 350 yana tsaye. Wani baƙo daga Ingila, Arthur Allen, shi ya gina shi a 1665, bayan ya yi arziki da noman taba.

A zamanin nan, mutanen wurin da katako suke gini, sai gara da ruwa su cinye. Shi ko ya sa an gasa tubali da wuta, ya yi ja, ya yi ƙarfi. Gidan bene ne. Zaure yana gaba, matakala tana baya. Kowane gefe yana da mafitar hayaƙi uku, don ƙasar tana da sanyi, dole a hura wuta cikin ɗaki.

A 1676 mutanen Nathaniel Bacon suka yi wa gwamna tawaye, suka mamaye gidan wajen wata uku. Shi ya sa ake kiran gidan da sunan Bacon, alhali bai taɓa zama ciki ba.

Bayi ƴan asalin Afirka sun daɗe suna noman gonar. Ɗakinsu na katako yana nan kusa da gidan har yau, masu ziyara suna zuwa su gani.