Daga Tsakuwa zuwa Ƙanƙara: Yadda Tseren Rali Ya Shiga Wasannin Bidiyo

Duk direban da ya taɓa sauka daga kwalta ya hau burji da gudu ya san abin da ke faruwa a daidai wannan lokacin. Sitiyari ya saki a hannu, bayan mota ya soma rawa, tsakuwa tana dukan ƙarƙashinta kamar ruwan sama a rufin kwano. Ka taka birki, motar ta ƙara tafiya kafin ta saurare ka. Wannan ƙasa mai zamewa a ƙarƙashin taya ita ce abin da masu ƙera wasannin bidiyo suka kwashe kusan shekara 40 suna neman yadda za su koya wa kwamfuta. Tarihin wasannin rali tarihin wannan nema ne.

Shi kansa rali ya girmi kwamfuta da nisa. An fara ralin Monte Carlo a 1911, an fara na Safari a Gabashin Afirka a 1953, sannan a 1973 aka haɗa manyan ralin duniya cikin gasa ɗaya da ake kira WRC. Tsarinsa ya bambanta da tseren da motoci ke zagaya fili ɗaya a tare. Ana rufe wani yanki na ainihin hanyar jama'a, a cikin daji ko kan dutse, a saki motoci ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana tsere da agogo. Mutum biyu ne a cikin mota: direba, da mai karanta masa hanya daga littafin da suka rubuta tun lokacin da suka zagaya ta a hankali. Hanyar kuwa yau tsakuwa ce, gobe taɓo, jibi dusar ƙanƙara.

A nan wahalar take ga mai rubuta manhaja. Taya a kan kwalta tana riƙe ƙasa har zuwa wani matsayi, in ta wuce shi sai ta kwace, kuma ana iya lissafa wannan ba tare da na'ura ta sha wuya ba. A kan tsakuwa taya tono take yi, tana ture duwatsun sama tana neman ƙasa mai tauri, saboda haka sau da yawa motar da ta shiga kwana a karkace ita ke fita da sauri. Na'urorin farko ba su da ƙarfin irin wannan lissafi. Wasan Rally-X da kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980 sunan kawai ya ara, domin mota ce ke tattara tutoci a cikin lunguna. Wasan Lombard RAC Rally na 1988, a kwamfutocin Amiga da Atari ST, ya matso kusa: ya zaunar da mai wasa a cikin motar Ford Sierra Cosworth, ga taswirar hanya a gefe, ga gareji da ake gyara abin da ya lalace. Sai dai ƙasar da motar ke takawa kusan zane ce kawai, launinta ya fi halinta canzawa.

Sega Rally Championship, wanda ya bazu a shagunan wasa a 1995, shi ya fasa wannan ƙwai. Kenji Sasaki ne ya jagoranci aikin, Tetsuya Mizuguchi kuma ya shirya shi. Mai wasa yana zama a kujera ta gaske, ya riƙe sitiyari mai girgiza, ya zaɓi Toyota Celica ko Lancia Delta, motoci biyu da suka ci gasar duniya. Abin da ya girgiza mutane shi ne, da motar ta bar kwalta ta faɗa taɓo, hannu yana sanin hakan kafin ido. Kowace irin ƙasa an ba ta nata riƙo da nata santsi. Filayen wasan guda huɗu ne kacal, kuma motoci da yawa ne ke gudu tare, wanda ba haka ake rali ba. Duk da haka, daga ranar nan duk wanda zai yi wasan rali ya san cewa da ƙasa za a auna shi.

Shekara biyu bayan nan V-Rally ya fito daga Faransa zuwa PlayStation, ya kai ralin cikin ɗakunan mutane. A 1998 kamfanin Codemasters na Ingila ya fitar da Colin McRae Rally, kuma shi ne ya kafa tsarin da ake bi har yau. McRae ɗan Scotland ne, ya zama zakaran duniya a 1995 da motar Subaru Impreza yana da shekara 27, ɗan Birtaniya na farko da ya kai wannan matsayi. An san shi da tuƙin ko a mutu ko a yi rai. Wasan da aka sa wa sunansa ya kori sauran motoci daga kan hanya, ya bar mai wasa shi kaɗai da agogo. In ka bugi dutse ka lanƙwasa ƙafar mota, da ita za ka ƙarasa, kuma a wurin gyara ƙayyadadden lokaci aka ba makanikai, dole ka zaɓi abin da za a taɓa da abin da za a bari.

Babbar kyautar wasan ita ce murya. Nicky Grist, wanda ke zama kusa da McRae a ainihin gasa, shi ne ya karanta hanya a cikin wasan. Kowace kwana tana da lamba gwargwadon tsananinta, kuma ana faɗa maka nisan da ke tsakaninta da ta gaba, da ko akwai tudu, ko rami, ko dutse a ɓoye a gefen ciki. Mai wasa sai ya koyi wani sabon hali: ya riƙa tuƙa hanyar da bai gani ba tukuna. Kana hawa tudu, sama kawai ke gabanka, muryar ta riga ta ce bayan tudun akwai kwana mai sauƙi zuwa hagu, sai ka bar ƙafarka a kan totur don ka yarda da ita. Yara da yawa a Turai da ma Afirka ta wannan murya suka fara sanin cewa akwai wani abu wai shi rali.

Ƙanƙara ita ce jarrabawa ta biyu, kuma wanda bai sani ba zai ɗauka santsi ne kawai aka ƙara. A ralin Sweden tayoyin motoci na ɗauke da kusoshin ƙarfe sama da 300 kowacce. Kusoshin suna cizon daskararriyar ƙanƙara, har ta kai ga wannan rali yana cikin mafiya gudu a gasar. Tulin dusar da ke gefen hanya ma abin amfani ne, domin ƙwararren direba yakan jingina bayan motarsa da shi ya gyara tsayuwarta, amma in ya wuce gona da iri tulin ya haɗiye hancin motar. Monte Carlo kuma wata duniya ce daban. Hanyar kwalta ce a kan tsaunukan Alps, busasshiya a inda rana ke bugawa, ƙanƙara a inda inuwa ta kwana, kamar a hawan Col de Turini. Babu tayar da ta dace da dukkan hanyar, sai dai direba ya zaɓi inda zai yi asara.

Wasan McRae na farko ya riga ya saka Sweden da Monte Carlo, amma sannu a hankali aka iya bambanta su yadda ya kamata. Gran Turismo 2 na 1999 ya shigo da hanyoyin ƙasa cikin jerin wasannin da aka sani da kwalta. RalliSport Challenge, wanda kamfanin DICE na Sweden ya yi wa Xbox a 2002, ya ware tseren kan ƙanƙara a matsayin rukuni mai zaman kansa, kuma ba abin mamaki ba ne tunda ƙanƙarar a ƙofar gidansu take. Gran Turismo 4 ya biyo baya da nasa filayen dusar ƙanƙara.

A 2004 aka samu wasan da har yau masu son rali ke ambata da girmamawa: Richard Burns Rally, aikin kamfanin Warthog. Burns ɗan Ingila ne, zakaran duniya na 2001, mutum mai tuƙi cikin natsuwa da lissafi, kuma wasan ya ɗauko halinsa. Hanyoyinsa matsattsu ne kamar na gaske. Ka shiga kwanar farko da irin gudun da ka saba a wasu wasanni, motar ta miƙe sak ta rungumi bishiya, injin ya mutu. Dole ka koma makarantar tuƙin da ke cikin wasan ka koyi cewa birki ba don rage gudu kaɗai ake taka shi ba: yana tura nauyin mota gaba, tayoyin gaba su ciji ƙasa, baya ya yi sauƙi ya juyo. Ka koyi karkata motar zuwa ɗaya gefen kafin ka jefa ta cikin kwana, dabarar da direbobin ƙasashen Arewacin Turai suka shahara da ita. Masu saye da yawa sun ga wasan ya yi musu tsauri. Burns ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 2005 sakamakon ciwon daji a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 34, daidai shekara huɗu da ranar da ya ci kambin duniya. Wasansa bai bi shi ba. Masu sha'awa, musamman a Hungary da ƙasar Czech, suka ci gaba da ƙara masa motoci da hanyoyi da sabon lissafin taya, suna shirya gasa ta intanet, fiye da shekara 20 bayan fitowarsa.

McRae ma ya rasu a Satumba 2007, a hatsarin jirgi mai saukar ungulu kusa da gidansa a Lanark. A shekarar ne jerin wasanninsa ya sauya suna zuwa DiRT, ya karkata wajen kasuwar Amurka, da kiɗa da nishaɗi, daga baya har da wasan juya mota. Kasuwa ta buɗe, amma tsofaffin masoya suka riƙa ƙorafin an yi nisa da asali. Amsar ta zo a Afrilu 2015, lokacin da Codemasters ya saki DiRT Rally a dandalin Steam tun ba a kammala shi ba, don masu wasa su riƙa gwadawa suna ba da shawara. Ya dawo da dogayen hanyoyin Wales da Girka da Finland da Sweden, ya cire damar mayar da lokaci baya in an yi kuskure. Wanda ya kwashe minti goma yana lallaɓa mota a kan ƙanƙarar Monte Carlo, tafin hannunsa ya jiƙe, sannan ya zame a kwana ta ƙarshe, ya san darajar wannan hukunci.

DiRT Rally 2.0 na 2019 ya ƙara mataki ɗaya da nake ganin shi ne cikar abin da Sega ya faro. Ƙasar ta zama mai tuna abin da ya bi ta kanta. Motar farko tana share tsakuwar sama, waɗanda ke biye su tarar da hanya ta fi riƙo, na can baya kuma su tarar an tone ta ta zama kwari-kwari. Haka abin yake a ainihin gasa, inda jerin tashi ke iya ba mutum nasara ko ya hana shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ba da shawara a aikin shi ne Jon Armstrong, ɗan Arewacin Ireland, direban rali na gaske da rashin kuɗi ya tsayar. Ya koma tuƙi a gaban allo, ya ci gasar WRC ta kwamfuta a 2018, daga baya ya dawo cikin mota ta gaske ya zo na biyu a gasar matasa ta duniya. Irin tafiyarsa tana nuna yadda tazarar da ke tsakanin allo da hanya ta ragu.

Afirka ma tana da gurbi a wannan tarihi. Colin McRae Rally 2.0 na shekarar 2000 ya saka Kenya, kuma a ralin Safari na 2002 McRae ya samu nasararsa ta 25, wadda ta zama ta ƙarshe a gasar duniya. Bayan wannan shekara aka cire Safari daga jadawali. An shirya dawowarsa a 2020, annobar korona ta hana, amma wasan WRC 9 na kamfanin Kylotonn ya fito da hanyoyin Kenya duk da haka. Masu wasa suka riga direbobi shaƙar jar ƙurar da watanni da dama, kafin ainihin ralin ya dawo a Naivasha a 2021.

A 2021 kamfanin Electronic Arts ya sayi Codemasters, aka fitar da EA Sports WRC a 2023, sannan a 2025 aka sanar da dakatar da aikin sababbin wasannin rali a gidan da ya raini wannan fanni tun 1998. Labarin ya sosa ran masoya, ni ma a ciki. Amma wasan Burns ya riga ya koya mana cewa wannan fanni ba ya rayuwa da ƙarfin kamfani kaɗai. Abin da aka gina cikin shekarun nan ilimi ne na yadda taya ke magana da tsakuwa da taɓo da ƙanƙara, kuma ilimin yana hannun dubban mutane. Yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba, a yau yana iya zama da sitiyarin roba ya gane ta hannunsa inda kusoshin taya suka kama da inda suka saki. A 1988 babu na'urar da za ta iya gaya masa wannan.