Daga tire zuwa waya: yadda tallanmu ya sauya

'Yan uwa mata, tunda ƙungiyarmu ta sake zagayo shekara, bari mu tuna yadda muka koyi tallata kaya.

A zamanin iyayenmu suna cikin gida, yara ke ɗaukar tire su bi lungu-lungu. Kiran nasu yana da tsari: sunan kaya da farko, sai "da zafinsa" ko "na yau ne", kuɗi kuwa sai mai saye ya tsaya. Haka dillalai ke yi a kasuwarmu ta 'Yan Lemo idan mota ta iso daga Binuwai.

Da aka buɗe Freedom Radio a Sharada a 2003 mun sha jin talla mai kirari, har da lambar waya a ƙarshe, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Sai da WhatsApp ya zo muka samu ƙofa.

Ni sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci na fara rubuta nawa. Na farko na sa "lemo mai zaƙi kamar zuma", alhali ban ɗanɗana ba. Wata Hajiya ta sayi kwando biyu na biki, ta dawo da ɗaya, har yau ba ta sake kirana ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Yanzu sai na yanka na ɗanɗana, in ɗauki hoto da safe, in rubuta inda ya fito da kuɗin kwando. Kafin in tura, 'yata ta karanta mini da ƙarfi. Inda ta yi tuntuɓe, nan nake gyarawa.