Daga Adaka Zuwa Bindigar Awo

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin maharba a ƙasar Jangeru, ko a Zurmi da Shinkafi, zai ji suna cewa kowace bindiga da halinta, wata tana jan harsashi dama, wata tana kai shi sama, har sai mutum ya daɗe da ita kafin ya san inda zai ɗora saiti. Wannan magana tasu haƙiƙa ce, kuma sababinta yana cikin bututun bindigar, wato tsawonsa, da faɗin raminsa, da mazaunin harsashi a gindinsa. A kan waɗannan abubuwa uku ne tarihin harbi ya ginu tun daga farkonsa.

Kalmar bindiga daga Larabci muka samo ta, haka ma albarushi, alamar cewa ta hanyar Sahara muka fara saninta, ko da yake mafi yawan waɗanda suka shigo daga baya ta bakin teku suka biyo, daga maƙeran Birmingham ta Ingila da fataken Denmak masu sansani a Ankara. Ramin wannan tsohuwar bindiga, wato adaka, sumul yake, ta baki ake ɗura ta, kuma dole curin darma ya gaza ramin faɗi domin ya shiga da sauƙi. Saboda haka idan albarushi ya tashi, sai curin ya fito yana karo da bangon bututu, ya nufi inda ya ga dama. Shi ya sa a zamanin jihadi baka da kibiya suka fi ta amfani. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir, kuma malamai sun ruwaito cewa tun kafin hijira, da Sarkin Gobir Yunfa ya nufi Shehu Usmanu da bindiga a Alƙalawa, sai ta tashi ta ƙone shi kansa Yunfa. Ko a 1826, sa'ad da Baturen nan Kilafaton ya halarci yaƙin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Gobirawa, bindigogin da ya gani a cikin wannan runduna mai ɗimbin yawa ba su wuce arba'in da 'yan kai ba.

A can Turai kuwa, tun ƙarni na 16 maƙeran ƙasar Jamus suka gano cewa idan aka tsaga cikin bututu da zane mai murɗewa kamar igiya, harsashi zai fito yana juyawa, ya tsaya a kan hanyarsa kamar yadda mazari yake tsayawa a kan tasa muddin yana juyi. Hikimar ta daɗe ba ta yaɗu ba, domin ɗura harsashin da ya cika rami ta baki wahala ce, har sai da wani hafsan Faransa, Minie, ya fito a 1849 da harsashi mai kogo a gindi, wanda ke shiga sakwa-sakwa, sa'an nan ya buɗe ya kama zanen idan wuta ta tashi.

Amma a ganina, mutumin da ya cancanci a ambata da girmamawa a wannan babi shi ne Yusufu Witwas na Manchester, wanda asalinsa gwanin awo ne, ba soja ba. Bindigar sojan Ingila ta wancan lokaci faɗin raminta 0.577 na inci ne, zanenta kuma sai ya yi tafiyar inci 78 kafin ya kammala juyi ɗaya. Witwas ya yi ta gwaji da haƙuri irin na mai nazarin hisabi, har ya tabbatar cewa siririn harsashi mai tsawo ya fi kai nesa, da sharaɗin a ƙara masa saurin juyi. Sai ya rage ramin zuwa 0.451, ya sa juyi ɗaya cikin inci 20. Da irin tasa Sarauniya Biktoriya ta buɗe gasar harbi ta Wimbledon a 1860, daga nisan yadi 400. Bayan haka aka koma ɗura ta gindi da kwanson tagulla, mazaunin harsashi ya zama abin aunawa shi ma, domin in ya yi faɗi harsashi ya shiga zanen a karkace, in ya matse ƙarfin wuta ya yi wa maharbi lahani. Masu gasar harbi na yau, da ke jayayya a kan tsawon bututu da saurin murɗa, wannan ƙa'ida suke bi.

Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda aka yi wa ƙasashenmu shamaki da wannan ilmi da gangan. A yarjejeniyar Birasel ta 1890, daulolin Turai suka haramta sayar wa mafi yawan mutanen Afirka bindiga mai zane, suka bar musu tsohuwar mai ƙanƙara. Sakamakon ya bayyana a nan Zamfara, a Kwatarkwashi, ƙarshen watan Fabrairu 1903, inda Wazirin Kano Ahmadu da mahayansa suka yi ta kai hari a kan 'yan tsirarun sojan Turawa, harsashi yana riskarsu tun kafin mashi ya kai, har Waziri ya yi shahada, Allah Ya jiƙansa. Bayan haka adaka ta zauna a hannun maharba, da masu tsaron gona, da 'yan bindigar fada masu buga albarushi ran hawan Salla, dokar makamai ta 1959 kuma ta keɓe mata sashe nata dabam.

Yau bindigogi masu zane sun shigo dazukan Zurmi da Shinkafi ta ɓarauniyar hanya, har sunan 'yan bindiga, wanda dā na masu yi wa sarki hidima ne, ya koma na masu hana manomin Jangeru zuwa gonarsa. Ina roƙon hukumomi su toshe hanyoyin da suke shigowa, ina kuma roƙon ɗalibanmu na tarihi su je su zauna da tsofaffin maharba da maƙera, su rubuta abin da suka sani tun suna raye.