Ajin zana da kwamitin iyaye: yadda gari ya riƙe lakwal a ƙasar Tasawa

A hukumance, a watan Oktoba ake komawa lakwal a Nijar. Amma a ƙauyuka da dama na ƙasar Tasawa da Mayayi, har da na Hawandawaki da ke dab da iyakar Najeriya, wasu azuzuwan sai an gama girbi suke buɗewa, don kuwa ajin kansa yana gona tukuna. Sai an yanke hatsi, an tara kara, an saƙa zana, sannan magidanta su fito gayya su kafa dirkoki su ɗaura rumfa. Yara su shigo da buhu ko guntuwar tabarma su zauna a rairayi, mushe, wato malamin lakwal, ya jingina allo jikin dirka. Da ruwan farko ya sauka, shekarar karatu ta ƙare ke nan.

Riƙon makaranta ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun kafin Faransawa su ratso ta a 1899, makarantar allo tana hannun gari. Mutane ne ke ba malam masauki da gona, su kai masa zakka da kuɗin Laraba, almajirai kuma su yo karan da za a hura wutar karatun dare. In malam bai gamsar ba, uba ya ɗauke ɗansa ya kai gaba, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Lakwal kuwa daga sama ta faɗo. Kwamandan Faransawa ya ba sarki umarni, sarki ya aza wa maigari, maigari ya laluɓo ɗan wanda ba shi da gata. Wasu iyayen har ɓoye 'ya'yansu suka riƙa yi. Shi ya sa lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. An yi ƙoƙarin kusanto ta da jama'a: a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a zamanin Seyni Kunce kuma ƙungiyar Samariya ta gina azuzuwa da aikin gayya.

Babban sauyin ya zo da shirin ilimi na shekara goma da aka soma a 2003, wanda ya tanadi kwamitin kula da makaranta, COGES. A 2004 hukumar JICA ta Japan ta fara wani gwaji a jahar Tawa: a tara gari, a zaɓi 'yan kwamiti ta ƙuri'ar asiri, a tsara ayyukan shekara a bainar jama'a, a kuma faɗi abin da aka tara da inda ya shiga. Ƙuri'ar asirin nan ba ƙaramin abu ba ce a garin da ba a iya musa wa maigari ido da ido. Cikin 'yan shekaru tsarin ya game ƙasa, daga baya aka sauya wa kwamitin suna zuwa CGDES.

Akwai inda aka wuce mu. A ƙasar Salbado, a 1991, ana dab da ƙare yaƙin basasa, gwamnati ta ɗauki makarantun da manoma suka kafa da kansu ta mayar da su shirin EDUCO. A lokacin, kuɗi na gwamnati ne, amma ƙungiyar iyaye ce ke ɗaukar malami na shekara guda, ta sabunta masa ko ta sallame shi. A Kolambiya kuma, tun 1975, shirin Escuela Nueva ya ba ɗan manomi damar tafiya girbin kofi ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A nan kuwa an miƙa wa iyaye ɗawainiya, an riƙe iko. Su ne masu kara da zana da alli, wani lokaci har da ɗakin da mushe zai kwana, amma ba su da ta cewa kan malamin kwantaragin da aka turo musu, ko da ya yi wata bai leƙo aji ba.

Rumfar kuma ta ci rayuka. A watan Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a azuzuwan zana a Yamai, a watan Nuwamba wata ta kashe aƙalla 25 a birnin Maraɗi, 'yan shekara biyar zuwa shida. A lokacin hukumomi sun ce irin waɗannan azuzuwa sun kai kimanin 36,000 a faɗin ƙasar.

Iyayen Hawandawaki da maƙwabtansu sun yi nasu. Ya rage ga ma'aikatar ilimi da hukumomin gari su gina musu azuzuwan siminti, su kuma ba kwamitin iyaye bakin magana kan malamin da ke koyar da 'ya'yansu.