Zaren maganaɗisu: yadda yake adana bayanai da abin da zafin Sakkwato ke yi masa

Zaren maganaɗisu, wanda jama'a suka fi sani da zaren kaset, siririn kirtani ne na roba da aka shafe fuskarsa ɗaya da garin ƙarfe mai laushi, aka manna shi da wani irin danƙo. Idan zaren ya wuce ta jikin kan na'ura, sai ƙwayoyin garin su jeru bisa tsarin sautin ko bayanin da aka aiko, kuma haka za su zauna ba tare da buƙatar wutar lantarki ba har ranar da aka sake kunna shi. Wannan ce ta sa har yau manyan ma'adanai na duniya ba su rabu da shi ba, duk da cewa mutane da yawa na ɗauka ya tafi da zamanin rikoda.

Wani injiniya mai suna Fritz Pfleumer ne ya ƙirƙiro shi a Jamus a 1928, kamfanin AEG kuma ya nuna na'urar da ke aiki da shi a Balin a 1935. Kwamfutar UNIVAC ta fara ajiye bayanai a kansa a Amurka a 1951. Ƙaramin kaset ɗin da ya cika kasuwanninmu kuwa, Philips ne ya fito da shi a 1963.

Abin da ke kan zare a ƙasar Sakkwato

Sakkwato gari ne da ya san darajar ajiya. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun iso gare mu ne a kan takarda da tawada, cikin gafaka, kuma Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu na riƙe da tarin rubuce-rubucen hannu. To amma wani babban ɓangare na tarihin ƙarni na ashirin ba a rubuce yake ba, a murya yake. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988, da na Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ta hanyar ɗauka a na'ura da kwafar kaset daga kaset suka bazu. Haka tafsirin watan azumi, da hirarrakin da ɗalibai masu nazarin tarihi da adabi suka yi da dattawan da yanzu ba su raye, da shirye-shiryen gidajen rediyo irin su Rima da Rediyon Kaduna kafin zuwan kwamfuta.

Bambancin shi ne, takardar da ta shekara ɗari biyu ido kawai take buƙata. Kaset kuwa sai da na'ura, kuma na'urar ce ke riga shi mutuwa. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa wajen 2025 na'urorin kunna tsofaffin zarurruka da kayan gyaransu za su yi wuyar samu. Duk wanda ya nemi bel ɗin rikoda wurin masu gyaran rediyo a 'yan shekarun nan ya san gargaɗin ba almara ba ne.

Zafi, ƙura da laima

Abokin gabar zare na farko shi ne laima, domin ita ce ke ruɓar da danƙon da ke riƙe da garin ƙarfen. Zaren da ya kamu yakan yi ƙara idan ana kunna shi, ya bar baƙin datti a kan na'ura, kuma wannan dattin shi ne sautin kansa yake goge wa. Ta nan Sakkwato ta fi Legas ko Fatakwal sa'a, don iskarta a bushe take mafi yawan shekara, in ban da damina daga Yuni zuwa Satumba.

Sai dai abin da bushewa ta bayar, zafi na ƙwacewa. Masu ƙera zaren zamani na ba da shawarar a ajiye shi a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Sakkwato kuwa, zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, ballantana a ɗaki mai rufin kwano ko cikin motar da aka bari a rana. Zafi na hanzarta lalacewar danƙon, yana tanƙwara robar, yana kuma sa sautin wani zagaye ya bi zuwa na kusa da shi, har a riƙa jin muryar mawaƙi can ƙasa-ƙasa kafin ya fara. Ƙurar hunturu ita ma tana kankare zaren tana cinye kan na'ura. Kaset mai tsawon minti 120 ya fi saurin tsinkewa, saboda zarensa ya fi na minti 60 siranta.

Mai tsohon kaset a gida ya jera shi a tsaye cikin kwanansa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da lasifika. Ya ɓalle 'yan haƙoran da ke samansa don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Wanda ya fara ƙara kada a matsa masa. Ƙwararru kan gasa irinsa a zafin da ke kusa da digiri 50 na tsawon sa'o'i, ya farfaɗo na ɗan lokaci a samu a kwafe shi, amma wannan ba aikin murhun gida ba ne.

Zaren zamani da ofisoshi

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, idan aka kwafe tsohon kaset zuwa kwamfuta, sau da yawa a kan zare ake sake adana shi. Nau'in da ake kira LTO ya fito a 2000 yana ɗaukar gigabait 100. Na tara a jerin, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar terabait 18 a ƙwaya ɗaya da ba ta fi tafin hannu ba, zaren cikinta kuma ya kai kilomita guda. Masu ƙera shi na cewa zai kai shekara 30 in an kula da ɗakinsa. Cibiyar bincike ta CERN da ke iyakar Suwizalan da Faransa a kansa take tara sakamakon gwaje-gwajenta, kuma a 2011, da wata matsalar manhaja ta share saƙonnin wasu masu amfani da Gmail, daga zare Google ya dawo da su.

Ga ma'aikatar da ke riƙe da takardun filaye ko bayanan fansho, fa'idarsa biyu ce. Ƙwayar da ke kan kanta ba ta shan wuta, don haka ba ruwanta da janareta ko tsadar dizal. Sannan ba ta haɗe da intanet, masu kutse da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa ba su da hanyar isa gare ta.

Yana da nasa aibin. Na'urar karanta shi na da tsada, ta fi ƙarfin ɗan kasuwa mai shago ɗaya, wanda faifan ajiya biyu a wurare daban-daban za su wadatar. Nemo fayil guda na ɗaukar lokaci, tunda sai an juya zaren an kai wurin. Kuma tsohuwar matsalar na nan: na'urar LTO ta tara na karanta nata da na takwas ne kawai. Ofishin da ya zaɓi zare sai ya sa a kasafinsa kuɗin sauya na'ura da sake kwafar komai kafin tsohuwar ta ɓace daga kasuwa, ya kuma kai kwafi na biyu wani gini dabam, da rajistar da ke nuna abin da ke cikin kowace ƙwaya da ranar da aka rubuta ta.